Jar Masarar Sahuda

Mubi, farkon watan Sha'aban, 1436

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa ga maiɗakina, abokiyar zamana, Hajiya Ummusalma.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki, ko kumburin ya saɓe? Yaya zafin Yola? Ki gai da ƙanenki Lawali da iyalinsa, Allah Ya saka musu da riƙon da suke yi miki. Na ba Dokas direba takardar, domin har yanzu sai an hau tudu ake samun waya a nan, ni kuwa gwiwa ta daina yarda da tudu.

Game da ɗanmu Nasrullahi babu sabon labari tun ranar da 'yan bindiga suka shigo gari aka watse. Ban daina tambaya ba. 'Yarsa Adawiyya tana wurina lafiya, ta rame kaɗan, amma bakin nan nata bai rame ba.

Kin san mun sake buɗe makarantar unguwa a Lamorde. Mun share toka, mun rufe aji biyu da kwanon da ya tsira. To amma yaran da suka dawo ba su ne waɗanda suka gudu ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun fara gyangyaɗi a kan allo. Gashin wasu ya yi ja ya kakkarye, da yawansu kuma marayu ne. Abin da muke iya ba su shi ne kunun garin rogo, tsararo, wanda mutum yake ganin fuskarsa a ciki. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu suna tura su kasuwa dako. Sai na tara su a harabar masallaci, na rantse da Allah a gabansu cewa muddin ina raye ba za a kashe wutar murhun makaranta ba, kuma jikata ba za ta ci abincin rana a ko'ina ba sai daga tukunyar da 'ya'yansu suke ci. Da wannan rantsuwa suka dawo da su. A lokacin ban san inda hatsin zai fito ba.

Sai ga Sajo, manomin nan na Sahuda mai gajeren gemu, wanda yake kawo miki gyaɗa duk kaka, ya iso da buhuna a bayan a-kori-kura. Masara ce, irin shuka da masu agaji suka raba musu. Gonakinsu kuwa suna bayan dutse, inda sojoji suka hana zuwa saboda bama-baman da aka binne a hanya. Ya gaya mini cewa sa'ad da yake ɓoye a kogon dutse da 'ya'yansa, ya yi bakance: idan Allah Ya fid da su, hatsin farko da ya shiga hannunsa na marayu ne. Maƙwabtansa suka ji, kowa ya ɗora nasa a kai. Ya ce da ni, da Hausarsa da kika sani, “Modibbo, wannan masara ba nawa ba ne kuma. Ka karɓa ka sauke mini kaya a wuya.”

An shafa wa masarar wani jan abu, wai don ƙwari. Dibora, maƙwabciyarmu da muka yi gudu tare, ita ce mai girkin. Tana wanke ta har ruwan ya yi fari, ta surfa, a kai inji. Jiya an yi tuwo da miyar kuka, aka marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Da kin ji karatun yamma! Har bakin titi ake jin su. Adawiyya ta ce in gaya miki ta cinye malmala guda ita kaɗai, kuma tuwon Dibora ya fi naki laushi, amma kada ki ji haushi.

Ki riƙa shan maganinki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Abdulhamid

Mubi, tsakiyar watan Ramadan, 1436

Da sunan Allah, Wanda babu mai yaye cuta sai Shi.

Zuwa ga Hajiya Ummusalma.

Ina gaishe ki gaisuwar ƙauna da girmamawa. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? Ina fata ba ki matsa wa kanki da azumi ba, tun da likita ya hana, shari'a kuma ta sauƙaƙa miki. Takardarki ta iso tare da zumar da kika aiko, Allah Ya yi albarka.

Na jinkirta amsa ne domin ina neman yadda zan faɗa miki abin da ba na son faɗi. Ban sami wata hanya mai taushi ba.

Yara sun fara ciwo. Da fari amai ne da gudawa, na ce ko sabon ruwan damina ne. Daga baya wasu suka fara karkarwa, yawu yana dalala, idonsu ya ƙanƙance. Adawiyya tana cikinsu. Ta kwanta, ta tashi, yanzu tana zuwa karatu, amma alƙalami yana rawa a hannunta. Na kai su ɗakin shan magani wurin Christy, jami'ar jinyar da ta dawo kwanan baya. Ta tambayi abin da suke ci, na aika aka kawo mata tafin masarar. Ta ce wannan jan abu guba ne, an yi shi don ƙasa, ba don ciki ba. Wanki yana rage shi, amma ba ya fid da shi duka, kuma jikin ƙaramin yaro mai yunwa shi ya fi saurin kamuwa.

Na tara iyaye na gaya musu kamar yadda aka gaya mini, ban rage ba. Na zaci za su ce a zubar. Ba wanda ya ce haka. Halimat, wadda aka kashe mijinta a hanyar Maiha, ta yi magana daga bayan mata, ta ce, “Malam, ciwon ciki kan lafa zuwa yamma. Yunwa fa, wa ya taɓa ganin ta lafa? A ƙara wankewa.” Sauran suka goyi bayanta. Wani dattijo kuma ya tuna mini da rantsuwata, a cikin ladabi, amma ya tuna mini.

Ga inda nake tsaye, Ummusalma. Idan na ci gaba da dafawa, ina ba marayu cuta da hannuna, alhali na shekara arba'in ina karantar da cewa babu cuta babu cutarwa. Idan na kashe wuta, babu ko mudu na wani hatsi a ɗakin ajiya, yaran za su koma bakin kasuwa da tasha, kuma kin san su wane ne suke zagaya yaro mai yunwa a zamanin nan da alkawarin abinci. Idan na zubar da masarar, na zubar da sadakar mutanen da suka hana kansu, na kuma mayar wa Sajo kayan da ya ce na sauke masa. A Sahuda kuwa mayar wa mutum sadakarsa ya fi mari zafi. Za a ce hannunsa ne ba shi da tsarki. Idan kuma na janye Adawiyya ita kaɗai, na dama mata kunu a gida da zumarki, to na shaida wa unguwa cewa abin da nake ba 'ya'yansu ban yarda da shi ga tawa ba.

Na kwana ina juya babin lalura, na tashi ina juya shi. Na san abin da malamai suka ce a kan wanda yunwa ta matsa, da abin da suka ce a kan zaɓen mafi sauƙin sharri biyu. Amma babu wanda ya auna mini wanne ne mafi sauƙi a cikin yarinya 'yar shekara bakwai.

Abin da muke yi yanzu rabi ne da rabi, kuma na san rabi ba mafita ba ne. Dibora tana jiƙa masarar da ruwan toka, ta wanke, ta surfa sau biyu, a zubar da dusar a rami don kada kaji su ci. Hannuwanta sun saɓule. Na ce ta huta, ta ce, “Baba Malam, in na huta wa zai tuƙa, kai? Ka bar wa littafi hannunka.” Mun rage malmala. Ni ina azumi, ba na iya ɗanɗanawa da rana, sai na sa a ajiye mini nawa in yi buɗa-baki da shi, don in ji abin da suke ji. Tsohon ciki bai ce komai ba. Wannan ma bai sanyaya mini rai ba.

Na rubuta wa masu agaji, na je ofishi har na gaji da benci. Sun ce muna cikin layi.

Ki ba ni shawara. Kin fi ni ganin abin da yake kusa. Ki sa mu a addu'ar goman ƙarshe.

Naki a kullum,
Abdulhamid

Mubi, watan Shawwal, 1436

Da sunan Allah, Masanin abin da zukata suke ɓoyewa.

Zuwa ga maiɗakina Hajiya Ummusalma.

Aminci ya tabbata a gare ki. Barka da sallah, Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Yaya jiki? Na karanta amsarki. Kin yi faɗa, kuma kin yi gaskiya. Ban ji zafin cewa da kika yi girman bakina ya fi mini jikata ba. Na ji zafin yadda na daɗe kafin in iya musantawa.

Bayan sallah ɗan Halimat, Ridwan, ya faɗi a tsakar makaranta yana jijjiga. A kafaɗa aka kai shi wurin Christy, aka sa masa ruwa. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau harshensa bai sake sosai ba. Uwarsa ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni da ya fi.

Washegari na hau bayan keken wani na tafi Sahuda. Na sami Sajo a gindin tsamiya yana gyara ƙotar fartanya wadda ba shi da inda zai kai ta. Na gaya masa komai. Ya tambaye ni ko bakancensa ya ɓaci, ko alhakin yaran yana kansa. Na ce bakancensa ya cika tun ranar da hatsin ya shiga hannun marayu, kuma wanda ya ba da abu da kyakkyawar niyya cikin rashin sani babu laifi a kansa. Na roƙe shi abu guda: ya zo da mutanensa su shuka abin da ya rage a filin makaranta, tun da gonakinsu sun gagara. Ya ce damina ta yi nisa, ba lalle ta nuna ba. Na ce na sani. Ya ce za su zo, kuma sun zo.

Ranar Juma'a bayan salla na miƙe a gaban mutanen da na yi wa rantsuwa, na ce na karya ta. Wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, ya zo wa alherin ya yi kaffara. Ba ni da abin ciyar da miskinai goma, don haka na yi azumi uku. Dibora ta kife tukunya, ta kwashe tokar murhu. Wasu sun yi mini addu'a. Wasu sun fita ba su ba ni hannu ba, har da waɗanda na raɗa wa 'ya'yansu suna.

Na roƙi magidanta cewa kwanon da kowa yake fitowa da shi ciyayya a ƙofar gida, ya aiko da rabinsa makaranta. Ana aikowa, amma gidajen da ake ɗora tukunya kullum ba su da yawa. Wata rana kowane yaro ya sami loma uku, wata rana a raba gyaɗa a tafi. Amai ya tsaya, karkarwa tana raguwa. Aji kuma ya ragu. Jiya na hangi biyu daga cikin masu haddata a tasha suna rige-rigen ɗaukar kaya, suka gan ni suka ɓuya a bayan mota.

Adawiyya ce za ta miƙa miki wannan takarda. Na sa ta a gaban motar Dokas. Ta yi kuka, ta ce in babanta ya dawo bai same ta ba fa? Na ce zan riƙe shi a ƙofa har ta zo. Ki kai ta asibiti a duba hannun. Ki ba ta madara da ƙwai da wake idan Lawali yana da hali. Idan ta ga tuwon masara ta kau da kai, kada ki matsa mata.

Kin ce in biyo ta. Ba zan iya ba. Sauran ba su da kaka a Yola. Da azahar sukan bar allo su je su tsaya a bakin murhu, ko da yake sun san babu wuta, daga nan su wuce fili su duƙa suna duba masarar, wadda yanzu ta kai tsawon ɗan yatsa. Sukan tambaye ni yaushe za ta nuna. Nakan ce in Allah Ya so.

Ki bi gidajen 'yan'uwa da na mutanen Mubi da suke Yola, ki roƙa da sunana, ba na jin kunya. Dawa, gero, wake, ko da mudu ɗaya ne, a ba Dokas. A buɗe a duba kafin a ɗaure: ya zama fari, wanda ba a shafa masa komai ba.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya mana ita, Ya ciyar da waɗanda suka rage.

Mijinki mai begenki,
Abdulhamid