Jan Biron Maman Yagana

Umarari, Maiduguri
Fabrairu, 1999

Zuwa ga Baban Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zaman Khartoum? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Sai a bakin Yagana na ji wai kafin ka koma ka kai ta shagon kwamfuta na Modesta da ke unguwar Lamisula ka buɗe mata imel don ta riƙa rubuto maka. Yarinya 'yar shekara sha huɗu, kuma ni da na haife ta ba a ce min komai ba. Na yafa mayafi na je na ga wurin da idona. Kwamfuta biyu, fanka ɗaya, samari har bakin ƙofa suna leƙen kafaɗar juna. Na tambayi matar, wa da wa ke iya rubuto wa 'yata ta wannan abin? Ta ce duk wanda ya san adireshin, ko a China yake. Tana faɗa tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Gidan da na sani yana da zaure, baƙo ya yi sallama a tambaye shi wane ne. Kai ka fasa wa 'yarka ƙofar da ba ta biyo ta zaure ba.

Ban rufe imel ɗin ba, don na ga yadda take kewarka. Amma na sa doka. Kalmar sirrin tana hannuna, na sa an canza ta. Duk abin da Yagana ta rubuta, Modesta za ta buga shi a takarda, in zo da shi gida in karanta da jan biro, in mayar mata ta gyara, sannan a aika. Wanda ka aiko ma sai na karanta kafin ta gani. Makon jiya ta cika shafi da surutu: lokacin da ake tashinsu daga makaranta, lungun da take bi, karen da ke ba ta tsoro, da wani agogo da take so ka sayo mata. Na soke duka. Ba a roƙon uba ta na'ura, kuma na yi sakandare, na san yadda ake rubuta wa babba wasiƙa.

Na faɗa mata, kai ma ina faɗa maka: ranar da na ga abin da ban so ba, an rufe shi ke nan.

Allah Ya ba da sa'ar karatu.
Matarka,
Kellu

*

Khartoum
Maris, 1999

Zuwa ga Maman Yagana,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode. Ki gaishe min da Inna da kyau.

Kin yi gaskiya, ya kamata in shawarce ki, ki yi haƙuri. Kuma ban ce kada ki sa ido ba, ni ma hankalina ya fi kwanciya da kalmar sirrin tana wurinki. Amma Kellu, ki tausaya min. Saƙon da na samu jiya cewa yake: "Ina gaishe ka. Ina yin salla a kan lokaci. Ina yi wa mahaifiyata biyayya." Na juya shi na sake juyawa ina neman 'yata a ciki, ban gan ta ba. Hedimasta na gani. Ni labarin karen nake son ji. Ina kiranta Ummina saboda sunan mahaifiyata gare ta, a da takan amsa min da tsokana, yanzu sai "Mahaifina mai daraja".

Kuma kin san imel ɗin nan yanzu ya fi gidan waya jinkiri? Abokan karatuna har tambayata suke ko a raƙumi ake kawo shi.

Ga shawarata. Ki bar zancen takardun nan. Ki ja kujera ki zauna kusa da ita, ta rubuta kina gani a gilashin kwamfutar, abin da bai dace ba ki yi mata magana a nan take. Kin duba, ta kuma yi hira da babanta. Ina nan a karatun likitan dabbobi ina ta duba shanun mutane, maganar yarinyar nan ce kawai ke sa in ji kamar ina gida.

Ki huta lafiya.
Naki,
Yunus

*

Umarari, Maiduguri
Afrilu, 1999

Baban Yagana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da natsuwar da zan tsawaita ta. Alhaji Gana ne zai kawo maka wannan da hannunsa.

Ka ce in ja kujera in zauna cikin samari. Ban zauna ba, kuma yanzu ka ji abin da ƙofarka ta shigo mana da shi.

Ranar Laraba da aka tashi makaranta, wani mutum a kan babur ya tare Yagana a bakin lungun da take bi. Ya kira ta Ummina. Ka ji ni? Ummina, sunan da ba mai kiranta da shi sai kai. Ya ce kai ka aiko shi daga Khartoum, agogon da ta roƙa ya iso, ta hau ya kai ta ta karɓa. Har ta ɗora hannu a kan babur ɗin. Ƙawarta Zaratu ce ta riƙe mata hijabi ta ce, "In saƙon babanki ne, ya kai gida mana." Da ya ga mutane sun fara juyowa ya ja babur ya tafi. Ba wanda ya san shi.

Na zauna na yi tunani. Maganar agogon nan ni da kaina na soke ta, ba a aika ba, ko kai ba ka gan ta a imel ba. To ta ina wannan mutumin ya sani? Ba wata hanya sai dai in Yagana tana komawa shagon a bayan idona tana rubuta wa wasu. Na tsare ta a ɗaki na tambaye ta. Ta rantse ta sake rantsewa. Na ce mata ƙarya bayan laifi laifi biyu ne, na mare ta. Tun da na haife ta ban taɓa ɗaga mata hannu irin haka ba. Tun ranar ba ta ce min komai ban da "to" da "na'am". Ta yi ta fushinta, gara ta yi fushi a gabana da in neme ta in rasa.

Na je Lamisula na wanke Modesta tas a gaban mutanenta. Na ce ta rufe imel ɗin. Ta ce in ba ta kwana biyu ta bincika. Na ba ta, ba don zan canza ra'ayi ba. In kana son jin 'yarka, ka sayi kan sarki kamar kowa.

Ka yi mana addu'a.
Kellu

*

Lamisula
Afrilu, 1999

Maman Yagana,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya Yagana? Na rubuto ne don in na zo da kaina za mu sake ɗaga murya, ni kuma na gaji.

Kin kira ni abubuwa a gaban kwastomomina. A garin nan aka haife ni, ina da 'ya mace, Chinwe, sa'ar Yagana ce. Abin da ya faru ya hana ni cin abinci.

Na duba akwatin imel ɗin Yagana. Ba abin da ya fita sai zuwa ga babanta, ba abin da ya shigo sai daga babanta. Tun da kika sa doka ba ta taɓa zuwa shagon nan ita kaɗai ba, kuma ko ta zo ba ta da kalmar sirri. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

Sai na tuna da takardu. Duk wadda kika dawo min da ita, in na gama gyara, kwali nake jefa ta tare da sauran takardun da suka lalace. Wasiƙun babanta ma a kan tebur kike barinsu in ta karanta, kin ce kada ta tara su a ɗaki. Kwalin nan kuwa in ya cika Rebeka mai ƙosai nake ba, ta bakin tashar 'yan acaɓa, tana naɗe ƙosai da takardun. Tun da na buɗe shago haka nake yi, duk masu shagon takarda haka suke yi, ban taɓa kawo komai a raina ba. Na je wurinta jiya. Na zazzage buhunta na samu biyu, ga su nan a cikin ambulan. Sauran sun tafi da ƙosai. Ki duba ta farko: layi ɗaya kika ja a kan rubutun, ana karanta komai a ƙarƙashi, har sunan makaranta.

Laifina ne da ban yaga su ba, na yarda, na kuma daina ba da kwali. Amma ni ban ce a buga wasiƙar yarinya a takarda ba. Na faɗa miki tun farko ki zauna ki karanta a kwamfuta, kika ce ba ki yarda da abin da ba za ki riƙe a hannu ba.

Ban rufe akwatin ba tukuna. In kin ce in rufe, zan rufe. In za ki zo, ki zo da safe kafin samari su taru, zan ajiye miki kujera.

Ki gaishe ta.
Modesta Onuora

*

Umarari, Maiduguri
Mayu, 1999

Zuwa ga Baban Yagana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka.

Ga takardar Modesta na haɗa maka, ka karanta da kanka, ba sai na maimaita ba. Har gobe ina ganin macen da ke ba mai ƙosai wasiƙun mutane ba ta da hankali. Na kai maganar mutumin wurin mai unguwa da makaranta. Ba a same shi ba. Ni nake raka Yagana, ni nake ɗauko ta.

Ba a rufe imel ɗin ba. Ranar Asabar da safe mun je, na zauna kusa da ita. Kalmar sirrin tana nan a hannuna, wannan ba zai canza ba. Ta fara rubutu ba tare da ta kalle ni ba. Ta rubuta maka cewa na mare ta a kan abin da ba ta yi ba, kuma har yau ban ce mata komai ba. Da ta kai ƙarshen layin ta ɗauke hannunta ta ɗora a cinya, tana jira in ce ta goge.

Na karanta shi har ƙarshe. Na ce Modesta ta aika.

Zai riga wannan takarda isa wurinka. Ka amsa mata da wuri.

Matarka,
Kellu