Wanda Bai Fita Gayya Ba

Toranke

Ƙanwata Hanne,

Gaisuwa mai yawa, ya yara, ya mutanen Gaya? Malam Hadi ke rubuta mini, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Za a haƙa mana burtsatse, ranar Juma'a za a zauna a zaɓi wuri. Zubair ɗan Garzali ya taho daga Kano da motarsa, wai shi ma da bakinsa a ciki. Kin tuna ranar da aka zaɓi wurin tsohuwar rijiya? Kurkunu ya kwantar da ni damina guda. Na rarrafo taron, Garzali ya ce wanda bai fita gayya ba, ba shi da magana. Aka tashe ni daga tabarma. Aka kai rijiya ƙofar gidansu, matata Larai ta yi ta ɗauko ruwa har Allah ya karɓe ta. Garzali ya mutu, dokarsa ba ta mutu ba. Yaushe rabon ɗansa da fartanya? Zan tashe shi.

Ki huta lafiya.
Gwadabe

Gaya

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya ji ƙan Larai.

Yaya, kai fa? Tun da gwiwa ta kama ka, wace gayya ka fita? Zubair yana goye aka yi wancan taron. Kuma Larai da kake wannan fushi dominta, ko ƙafarka lau a ranar, wa zai tambaye ta? Duk wanda zai sha ruwan nan a ji ta bakinsa, masu ɗauko shi su fara. In za ka tashi tsaye, wannan za ka faɗa.

Allah ya ƙara lafiya.
Hanne

Toranke

Hanne,

Gaisuwa. Na ji taki, na yi tawa.

Na faɗi dokar kamar yadda ubansa ya faɗe ta, dattawa suka sunkuyar da kai. Aka tashi Zubair. Yana ɗaukar takalminsa ya ce, "Baba, kai ma bismilla." Na ce, "To, mu je." Muka tsaya a rana, ni da shi, har aka watse. Mata ba a kira su ba. An kai burtsatsen bayan makaranta, nesa da mu duka.

Na ga ɗan Garzali yana share gumi da hularsa. Na ci tuwo sosai ranar.

Ki aiko mini jarka biyu, jikata Fauziyya ce za ta riƙa ɗaukowa.

Gwadabe