Sawun Keke a Cikin Agdal

Tizgi, bayan narkewar ƙanƙara

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya ƙafar, yaya kunnen? Tunda kin ce muryata a waya kamar kukan sauro take zo miki, ga takarda. Yamna ta karanta miki da ƙarfi, kuma kada ta tsallake inda bai yi mata daɗi ba, na san halin ƙanwata.

Jikinmu lafiya, amma gidan ba daɗi. Kin san bana surukina Baba Haddu jama'a suka ɗora wa tsaron agdal, makiyayar nan ta kan dutse da ake rufewa har ciyawa ta zuba iri. Ranar rufewa aka yi Fatiha, ya rantse a gaban dattawa ba zai ɗaga wa kowa ƙafa ba, ko da ɗan cikinsa ne. Har dariya aka yi, don kowa ya san ɗan nasa, mijina Mimun, bai taɓa kora tunkiya ta kai inda aka aike shi ba.

Mijin nawa yana nan da kekensa mai lanƙwasasshen kai, wanda Baba ke kira ragon ƙarfe. Mutanen birni yake ja a kan kekuna cikin daji ta hanyoyin tsakuwa da motocin katako ke bi, su hau dutse suna haki, su gangaro suna ihu kamar an biyo su. Ya dawo min buɗu-buɗu da ƙura, yana murmushi. Ban taɓa ganin wanda wahala ke yi wa daɗi irinsa ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, da wannan murmushin ya same ni.

To, ranar Asabar ruwa ya cinye hanya a bakin rafi, ga baƙinsa daga Rabat sun gaji, ga hadari. Maimakon ya juya da su, sai ya ratsa da su ta tsakiyar agdal. Washegari Assu makiyayi ya ga sawun tayoyi kwance a kan ciyawa kamar macizai sun wuce, kafin azahar zance ya gama gari.

Muna cin abinci Baba ya tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce keke ba ya kiwo, ba ya cin ganye ko ɗaya. Baba ya ajiye burodin hannunsa ya ce, "Ba bakin dabba muka rufe wa ƙofa ba, yaro. Alkawari muka rufe." Yanzu ka'ida ita ce Mimun ya yanka rago ya ciyar da dattawa, ya nemi gafara a tsaye. Ya ce ba zai yi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan iri ɗaya ne, ni kuwa ina tsakiya da butar shayi.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Yamna da mutanen gida.

'Yarki,
Tuda


Tizgi, lokacin askin tumaki

Innata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Zumar da kika aiko ta iso, Allah ya saka.

Na bi shawararki, na daina yi wa Mimun faɗa, na koma yi masa shiru. Ya yi aiki. Mimun ya yanka ragon, na kwana biyu ina murza kuskus har tafin hannuna ya yi ja, dattawa suka ci suka lashe hannu, aka yafe. Assu ma da ya kai ƙarar shi ya fi kowa cin nama. Na ce alhamdulillahi, an wuce wurin.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Asabar da ta biyo baya sai ga wasu masu keke a cikin agdal, ba baƙin Mimun ba, bai ma taɓa ganinsu ba. Wai ɗaya daga cikin mutanen Rabat ɗin nan yana da 'yar na'ura a kan kekensa mai zana duk inda ya bi. Ya koma gida ya ɗora zanen a intanet, da hoton furannin makiyayar, ya rubuta cewa babu wuri mai kyau irinsa a duk tsaunukan nan. Yanzu kowa da wayarsa yake zuwa, yana bin jan layin zanen nan kamar makaho da ɗan jagora.

Inna, da a ce marasa kunya ne da na samu wanda zan zaga, na huce. Mutane ne masu ladabi. Mimun ya tare su ya yi musu bayani, su dafa ƙirji su ba da haƙuri, wasu har su roƙi hoto da Baba. Su juya, mako na gaba wasu daban su zo. Mimun ya kira mai na'urar, mutumin ya kusa kuka, ya goge zanen nan take. Amma wai mutane bila adadin sun riga sun kwafe, kowa ya ɗora nasa.

Abin da ya karya min zuciya shi ne jiya. Baba ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ɗauko dunƙulen sukari mai shuɗiyar takarda, irin wanda ake kai wa in za a roƙi alfarma a wata ƙabila. Ya ce Mimun ya kai shi wurin babban masu keke, su zauna a matsayin dattawa biyu su kashe magana. Mimun ya ce ba su da babba. Baba ya ce to wace ƙabila ce? Ya ce ba ƙabila ba ce, ba su ma san juna ba. Baba ya dube shi ya ce, "Kai dai ka ce ba ka so ka kai ni. Ko birai na dajin nan suna da babba." Mimun ya fita waje, na same shi tsugune kusa da keken ya rufe fuska.

Dukansu gaskiya suke faɗa.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Tuda


Tizgi, ƙarshen rani

Inna,

Ina gaisuwa. Ina fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Ki yafe min shirun da na yi, hannuna ne ya kasa ɗaukar biro.

Agdal ya tafi. Mutanen ƙetaren rafi suka ce tunda keke na shiga, rufi ya karye, ba za su zauna dabbobinsu na rama ba baƙo na wasa a kan ciyawa. Wani ya kora garkensa da asuba, kafin rana ta faɗi kowa ya kora nasa don kada a bar shi a baya. Ciyawar ko iri ba ta zuba ba. Yanzu in kin ga wurin, ƙasa ce ja da kashin tumaki. Abin da dabbobi za su ci in sanyi ya shigo, Allah kaɗai ya sani.

Jama'a suka taru a harabar masallaci. Baƙo ba a iya hukunta shi, ba shi da gida a nan, ba shi da rago. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Aka yanke cewa babu ɗan Tizgi da zai gaishe da Mimun, ko ya amsa masa, ko ya sa hannu kwano ɗaya da shi, har sai agdal ya sake yin iri. Masu sani sun ce ba lallai baɗi ba. Kuma mai tsaro ne ke furta hukunci. Liman ya so ya karɓar masa, Baba ya ƙi. Ya miƙe ya faɗa da bakinsa, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Da ya dawo gida ne na ji shi a garken tumaki yana kuka.

Mimun ya koma garin Azru, yana gyaran keke a shagon wani. Ya ce in biyo shi. Yaya zan yi, Inna? In na tafi, wa zai dafa wa tsoho? Idonsa ya yi rauni, ko fuskata ba ya rabewa sai na yi magana. In na zauna, mijina yana can yana cin burodi busasshe shi kaɗai.

Har yanzu kowace Asabar Baba yana hawa bakin agdal, ko da yake babu sauran abin tsaro. Ya zauna a kan dutse da sukarin nan a hular jallabiyarsa, takardar duk ta koɗe. Duk mai keken da ya zo sai ya tare shi ya tambaye shi babbansu. Ni ke kai masa shayi.

Asabar ɗin da ta wuce wani ya hawo shi kaɗai, da hular kwano da baƙin tabarau. Tun daga nesa na gane Mimun ne, yadda yake karkata kafaɗa in hawa ya yi tsanani. Baba ya ɗaga sanda ya tsayar da shi, ya ce, "Sannu ɗan samari. Don Allah, wane ne babbanku?"

Ya cire tabarau ya ce, "Kai ne, Baba."

Ga Assu can gefe da tumakinsa, ya kafa mana ido. Baba ya juya fuskarsa wajen dutse, ya zaro sukarin da ya yi ta ajiya domin babban masu keke, ya fasa shi da gindin kofi, ya miƙo min gutsure.

Ya ce, "Tuda, zuba wa baƙo shayi. Ya sha hanya."

Na zuba, Inna, rabi a kofi rabi a ƙasa. Ya sha a tsaye, ya ce mun gode kamar yadda baƙi ke cewa, ya hau kekensa ya gangara. Baba ya bi ƙarar tayar a kan tsakuwa da kunne har ta ɓace, sannan ya tambaye ni ko baƙon ya rame.

Na ce masa a'a. Allah ya yafe min.

Ki gaishe da Yamna. Ki gaya min abin da zan yi, ko da ba ki sani ba.

'Yarki mai begenki,
Tuda