Kada A Gyara Hausar Masu Sayen Kindirmona

Zuwa ga Farfesa, Shugaban Sashen Harsuna na jami'ar da Nafisa take karatu, Abuja.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman sashenka. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana Lami. Na yi aikin sakatariya a wata ma'aikatar tarayya har na yi ritaya. Yanzu kindirmo nake yi a gidana a Lugbe, in zuba a robobi in kai shaguna. Na rubuto a fili ne domin godiyata ba ta ɓoyewa ba ce, kukana ma haka.

Na farko, godiya. Bara, bayan ƙaramar Salla, ɗalibarku Nafisa ta yi sallama a gidana. Ta ce tana binciken kammala digiri a kan yadda harshe da salon ba da labari suke sauya ra'ayin mai saye, tana so ta gwada da kindirmona. A lokacin ina dab da barin sana'ar. Robobina sai su daɗe a firjin shago har su yi tsami, a dawo mini da su. Takardar da nake manna musu da Turanci take, ta manyan kamfanoni na kwaikwaya.

Nafisa ta rubuta wata da Hausa, layi uku kawai: daga rugar Inna Wuro da ke bayan Kurudu nonon ya fito, da safe aka tatso shi, kafin azahar yana tukunyata. Ta jera robobin iri biyu a firji guda a wani shago, ta yi makonni tana zama a shagon, tana tambayar duk wanda ya ɗauka dalilinsa. Ranar da na leƙa, na ji wata Bayarabiya tana ce mata, “Wannan ni na san wurin da ya fito. Shi zan ba yarinya na.” Wani direba kuma ya ce, “Labarin nan ta shiga raina, madam.”

Tun daga nan ba a ƙara dawo mini da roba ko ɗaya ba. Inna Wuro ma ta huta da yawon talla cikin rana, duk abin da ta tatsa ni take kawo wa. Wannan tarbiyyar sashenku ce. Ina kuma gode wa malamin da yake duba aikinta, wanda ya taka har Lugbe ya ga abin da idonsa.

Na biyu, kukana. Makon jiya Nafisa ta zo mini ido a kumbure. Ta ce kwamitin da ya saurari aikinta ya umarce ta da ta mayar da maganganun masu saye zuwa daidaitacciyar Hausa, ko ta cire babin da suke ciki gaba ɗaya. In ba haka ba, ba za a sa hannu ba, 'yan ajinsu su tafi bautar ƙasa su bar ta. Na ce mata ta gyara kawai ta wuce. Sai ta ce, “Mama, in na gyara ai ba su suka faɗa ba, ni na faɗa.”

Farfesa, ban kai ku ilimi ba, amma na shekara da shekaru ina rubuta bayanan taro. Abin da aka fara koya mana shi ne, ba a canja wa mutum maganarsa a takarda. Rubutun Nafisa na kanta, a bi shi da jan biro yadda ake so. Amma waccan matar da wancan direban haka suke magana, haka kuma Hausar Lugbe da Durumi take. Da ita ake ciniki, da ita aka zaɓi robar tawa.

Na uku, roƙona. A bar maganganun yadda suka fito daga bakin masu su, in ya so ta yi bayaninsu a ƙasa. A sake zama a kan aikin kafin a rufe sunayen masu tafiya bautar ƙasa. In an kammala kuma, a ba mu kwafi, mu ƙananan masu sana'a, kada ya tsaya a kabad ɗin ofis.

Nafisa ba ta san na rubuta wannan ba, da ta sani da ta hana ni. In akwai laifi a ciki nawa ne, don Allah kada a ɗora mata.

Allah ya saka maka da alheri, ya yi maka jagora a wannan hukunci, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Hajiya Lami mai kindirmo,
Lugbe, Abuja.