Kwanon Aƙilu

Funtua, Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Murtala,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Bushra da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu dai muna nan yadda ka san gidan rasuwa. Ƙafar Inna ta ɗan yi sauƙi, amma tun da 'yan bindiga suka kashe Yaya Aƙilu a gonarsa ta Mahuta ba ta ƙara doguwar magana ba. Masara ta bushe a tsaye, babu mai ƙarfin halin zuwa ya karya ta. Buhun shinkafar da ka aiko na sadakar arba'in ya iso. Kai ne dai ba ka iso ba. Na zaɓi rubutu domin a waya kana katse ni, takarda kuwa ba a kashe ta a ce sabis ne ya ɗauke.

Ɗanka Talha, da ka turo a madadinka da digirinsa biyu, ya shiga gaishe da Maijidda tana cikin takaba. Ya bayyana mata cewa duk mai bin labarai ya san ba a zuwa wannan yanki yanzu, har ya lissafa mata mutum nawa aka kashe bana. Daga nan idonsa ya faɗa kan kwanon. Ka san shekara ashirin da uku Maijidda tana fara kwashe tuwo a kwanon mijinta, ta rufe da faifai, kafin ta zuba wa kowa. Mijin ya tafi, hannunta bai daina ba. Talha ya ce almubazzaranci ne kuma yana hana ta dangana, ya ɗauke kwanon ya kife a kan rumbu. Da magariba na gan ta tsaye gaban tukunya da mara a hannu, ta rasa inda za ta zuba. Kwana biyu ko loma ba ta kai bakinta ba.

'Yarka Fiddausi, da ka ba ni riƙo, ita ce ta sauko da kwanon, ta wanke, ta ajiye a gefen murhu. Da Maijidda ta cika shi, Fiddausi ta ɗauka ta kai wa maƙwabcinmu Malam Rabe, tsohon nan da ba shi da mai dafa masa, ta ce sadakar Baba Aƙilu ce. Ranar Maijidda ta ci abinci. Na tambayi yarinyar wa ya koya mata. Ta ce a wani labari ta taɓa karanta matar da aka kwashe kayan mijinta da gaggawa, matar ta ji kamar an sake binne shi, ita kuma ta yi kuka a shafin nan, don haka da ta ga Maijidda sai ta gane fuskar.

To, littattafaina na labarai da take karantawa, su ne ka ba Talha umarni ya raba ta da su, wai ƙarya ce ake sayarwa kuma suna hana ta shirin jarrabawa. Ya jira na tafi makaranta, ya kwashe kwali biyu, abin da na tara a shekara ashirin da shida ina koyarwa, ya ba mai ƙosai a bakin tasha. Jiya da hannuna na karɓi ƙosai naɗe a shafi na sittin da uku, mai ya jiƙe rubutuna a gefe. Ana cewa ilimi gishirin zaman duniya. Gaskiya ne, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi da gishiri zalla ba. Talha ya san adadin matattu, bai san nauyin mamaci ɗaya ba. Labarin da kake kira ƙarya shi ke shigar da yaro ɗakin wani har ya ga inda yake masa yoyo, tun kafin damina ta zo kansa. Ka biya kuɗin makaranta mai yawa, Murtala, ka samu ɗan da bai iya ta'aziyya ba.

Yanzu ka ce in sa Fiddausi a motar Asabar. Ba zan sa ta ba. Da sauran kusan wata uku Maijidda ta fita takaba, kuma yarinyar nan kaɗai take yarda ta ɗauki kwanon. In kana son 'yarka, ka zo da ƙafarka, ka zauna a tabarmar matar wanka, ka dube ta, sannan ka faɗi haka da bakinka.

Ka gaishe mini da Bushra, da Sada, da auta Almustapha. Inna tana sa maka albarka. Fiddausi tana gaishe ka, har yanzu tana zaton Talha ne ya yi gaban kansa, ban kuma gyara mata ba. Maijidda ba ta ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan ƙirƙira mata ba.

Yayarka,
Ladidi