Na Cika Katin 'Yata Don Banki Ya San Ta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, Allah ya saka muku da alheri. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙon ku kada ku yi saurin yanke mini hukunci, don wanda na yanke wa kaina ya ishe ni ɗauka. In kun ga tuntuɓe a rubutuna ku yi haƙuri, sai da na yaye 'yata na zauna ajin yaƙi da jahilci da wata baiwar Allah ta buɗe mana a unguwa. Na gaji ne, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a nan, don a unguwarmu magana in ta fita ƙofa ɗaya, kafin la'asar ta shiga goma.

A Makka nake zaune, a unguwar Hindawiyya. Aure ne ya kawo ni daga ƙasar Katsina. Maigidana haifaffen nan ne, tasi yake ja, Allah ya yi masa rasuwa ya bar ni da 'ya ɗaya. Zan kira ta Hanan, ba sunanta ba ne. Da turaren wuta da 'yan kayan tsaraba na raine ta, ina saro kaɗan ina sayarwa a ɗaki. Bara ta samu aiki a wani otal a unguwar Kudai, tana karɓar baƙi. Da albashinta ya fara shiga banki sai suka ba ta katin nan na bashi, wanda za ka yi sayayya da shi ka biya daga baya. Amma abin da suka yarda ta kashe a ciki kaɗan ne ƙwarai. Ta koma ta roƙe su su ƙara mata, suka ƙi. Ranar ta dawo ta zube a kan tabarma ko abayarta ba ta cire ba, ta ce, "Ummi, wai ba su san ni ba tukuna. Wai tarihina gajere ne. In riƙa amfani da shi kaɗan-kaɗan, ina biya kan lokaci, in koma bayan wasu watanni." Na ce mata me za ki yi da ƙarin bashi, ke da Allah ya rufa wa asiri? Ta yi murmushi ta ce, "Ke dai ki bari, Ummi. In lokaci ya yi za ki ji."

Ita da kanta ta damƙa mini katin. Ta ce ita idonta yana da kwaɗayi, in ta bi ta shagon takalma ba ta iya wucewa, har manhajar bankin ta goge daga wayarta don kada ta riƙa leƙawa. Layin da saƙon katin ke shigowa kuwa shi ne na hannuna, don da sunanta aka yanka mini shi. Tsarin da ta yi mai sauƙi ne: in sayi shinkafa da mai da sabulu a bakala, wato kantin da ke ƙasan gidanmu, da katin, ƙarshen wata ta ba ni kuɗin in kai na'urar banki in zuba. Ta ce, "Ke kika iya riƙo, Ummi. Duk Hindawiyya babu wanda ya taɓa bin ki riyal ɗaya." Wannan maganar ita ce take hana ni cin abinci yanzu.

Wata uku na bi tsarin ba kuskure. Amma maganar nan ta "ba su san ni ba" ta tsaya mini a rai. Ni 'yar kasuwa ce, na san yadda ake sa mai kaya ya san mutum. Lokacin da na fara zuwa wurin wani Bayamane mai shagon sari, dadduma biyar kawai ya yarda ya ba ni bashi. Na sayar na kawo masa kuɗinsa, ya ba ni goma. Na kawo, ya ba ni dila guda. Ba da sayen sabulu ya san ni ba, da ɗaukar kaya mai nauyi da dawo da kuɗi ya san ni. Sai na ce a raina, banki ma ai ɗan kasuwa ne. Yaushe zai girmama yarinyar da ba ta wuce shinkafa da mai? In ya ga ta ɗauki duk abin da ya ba ta ta mayar, ba shi zai kira ta da kansa ya ƙara mata ba? Wallahi tallahi niyyata ke nan. Ban tambayi kowa ba, ban tambayi mai katin ba. Na ɗauka na fi ta sanin duniya.

Da aikin Hajji ya matso, otal ɗinsu ya tura su Mina da masaukin alhazai, sai ta yi kwanaki ban sa ta a ido ba. Na ɗauki katin na tafi wurin Bayamanen nan, na ɗebi dadduma da carbi da hijabai da turare da jallabiyoyin yara, har na'urarsa ta ƙi karɓa. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Hajiya, bana kin zama babbar 'yar kasuwa." Na ji daɗi, Allah ya yafe mini, har da ɗaga kai. Lissafina shi ne kafin alhazai su tashi kayan sun ƙare, in zuba wa banki kuɗinsa tun kafin ranar biya, ribar kuma in ɗinka wa Hanan kaya.

To, bana mutanen garinmu sun zo da yawa, cikinsu har da matar ƙanena, zan kira ta Talatu. Duk wanda ke zaune a Makka ya san abin da nake nufi. Ɗakinka ya zama nasu, tuwonka ya zama nasu, kuma da farin ciki kake yi, don baƙin Allah ne. Talatu ta shigo da ƙawayenta na masauki, har da wata tsohuwa 'yar garinmu, suka ga kaya jibge a lungu, suka hau zaɓa. Wannan ta ce guzurinta ya ƙare a wurin hadaya, waccan ta ce canji ya cuce ta. Talatu ta ce, "Haba Yaya, mu da ke? Muna sauka gida za a turo miki, ko sati ba za a yi ba. Ko so kike mu koma hannu rabbana a ce mun je garin Yaya?" Ku gaya mini, da wane baki zan ce wa matar ƙanena, da zanen Arfa bai ma bushe a jikinta ba, ajiye kuɗi kafin ki ɗauka? Da wane ido zan dubi tsohuwar da ta yi goyona ina jaririya in ce mata ba na ba da bashi? Na hau ƙulla musu a leda. Har na zaɓi dadduma mafi laushi, koriya, na ce a kai wa mahaifiyata, Inna, wadda rabona da ita tun Hanan tana rarrafe.

Abin da na sayar hannu da hannu bai kai rabi ba. Alhazai suka tashi, gari ya yi shiru, na zauna jiran waya. Biyu suka turo, kuma kafin kuɗin ya zama riyal ya zo hannuna ya riga ya rame. Sauran kuwa, yau a ce an yi rasuwa, gobe a ce sai an sayar da amfanin gona. Talatu da na matsa mata sau ɗaya, cikin lallami, sai ta ce, "Ikon Allah. Yaya, ashe tsarabar ma ta kuɗi ce? Ku da kuke kwance a kan riyal?" Na ce a'a, Allah ya ba ki haƙuri, na kashe wayar. Ban iya faɗa ba, ban taɓa iyawa ba.

Ranar biya ta zo ta wuce. Na zuba abin da na samu, bai kai ba. Wata na biyu ma haka, har na haɗa da kuɗin cefanen da Hanan ke ba ni, na koma karɓar shinkafa bashi a bakala. Saƙonni suka riƙa shigowa da Larabci, ina haɗa baƙaƙen a hankali, in na gane abin da suke cewa sai in goge. Sun ɗora tarar jinkiri a kai, abin da yarinyar nan ta ce mini tun farko ba ta so ko sau ɗaya ya hau kanta, don tana tsoron Allah a kan irin wannan ƙari. Sai ga shi uwarta ce ta ɗora mata.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ranar da wata ma'aikaciyar bankin ta kira. Ta ambaci sunan 'yata ta ce ita ce? Na ce na'am. Ni da furfurata na ari sunan 'yar cikina. Na tambaye ta da guntun Larabcina, in na biya duka yau, shi ke nan an goge? Ta ce bashin zai fita, amma jinkirin ya riga ya shiga tarihina, kuma zai daɗe ana ganinsa, ko wani bankin na je. Na ce to ai na ɗauki kaya da yawa, ba wannan ne zai sa ku san ni ba? Ta ce cika kati har baki ba ya ƙara wa mutum daraja a wurinsu, alama ce ta wanda ya matsu. Na zauna a bakin gado riƙe da waya. Ashe ko da alhazai sun biya ni a ranar, hanyar da na bi ba ita ba ce. Sun ce ba su san ta ba, yanzu na sa sun san ta, da sunan da ba nata ba.

Shekaranjiya da yamma ta dawo daga aiki tana jan sabuwar akwati, ja, mai taya. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ta wa ce?" Na ce ta wa? Ta ce, "Taki ce mana, Hajiya Ummi. Watannin da suka ce sun cika. Ranar Lahadi za mu je tare, ki sa abayarki mai kyau, ki ga yadda za su ƙara mini. Albashina haya ke cinye shi, amma in sun ƙara, zan yanki tikiti biyu in riƙa biya a hankali. Za ki ga Inna, ni ma in ga kakata da idona, ba a waya ba." Na ce Hanan, da kin bari tukuna, tafiya ai ba a yi mata gaggawa. Ta ce, "La, Ummi, kullum sai ki ce a bari. Inna ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, sai yaushe? Halas, magana ta ƙare, na ma riga na gaya mata." Ta rungume ni tana dariya, ta ce jikina ya yi sanyi, ko zazzaɓi nake ji. Na ce gajiya ce. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa mata a watannin nan.

Ashe abin da take ɓoye mini ke nan tun ranar farko. Takalman da ta hana kanta, manhajar da ta goge, duk don ta kai ni gaban uwata ne. Ni kuma ina nan ina yi mata dabarar kasuwa.

Ina da 'yan kunne da sarƙar zinari da mahaifinta ya bar mini, na ajiye su ne don ranar aurenta. In na sayar za su rufe bashin, amma ba za su kai kuɗin jirgi ba, kuma ba za su wanke sunanta ba. Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya ranar Lahadi, to Litinin fa? Na yi tunanin in bar ta ta je ita kaɗai ta ji daga bakinsu, sai na tuna yadda za ta tsaya gaban baƙo tana rantsuwa cewa kuskure ne, uwarta ba ta taɓa jinkirin biya ba. Wannan ba zan iya yi mata ba. Amma duk lokacin da na buɗe baki in faɗa, sai in ga akwatin nan a jingine da bango, maganar ta koma ciki. Ba faɗanta nake tsoro ba, Hanan ba ta ɗaga mini murya. Shirun da za ta yi nake tsoro, da ranar da za ta miƙo hannu a hankali ta ce in ba ta katinta.

Waɗanda suka san harkar banki, don Allah ku faɗa mini gaskiya: in an biya duka aka koma biya kan lokaci, sunan yarinya yana gyaruwa? Zai ɗauki wane tsawon lokaci? In na je da kaina na ce ni ce na yi, ba ita ba, za su saurare ni, ko ƙara jefa ta cikin matsala zan yi tunda ita ta ba ni katin? Iyaye mata kuma, wace kalma uwa ke fara furtawa in za ta nemi gafarar 'yarta?

Yau da safe Inna ta sa jikanta ya turo mini saƙon murya. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai na kara wayar a kunne. Ta ce ta sa an share ɗakin da na tashi a ciki, ta hana a yanka zakaranta sai mun zo. Ta ce, "Daddumar nan da kika aiko, a kanta nake salla, a kanta nake roƙon Allah ya nuna mini ku kafin in tafi. Ki gaishe mini da mai sunan Larabawa, ki ce Allah ya yi mata albarka."

Daddumar tana cikin kayan da ban biya ba. Yau Juma'a, jibi Lahadi. Jama'a, me zan yi?