Sawun Jimina a Rairayi

Zuwa ga Maigirma Jami'in Duba Lafiyar Motoci na yankinmu, Alhaji Ɗanlami, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa.

Kacici-kacici, kai mai karatu: an ce ta mutu a Gumel, har an yi wa mai ita jaje, amma duk Alhamis sai a wayi gari da sawunta a rairayi. Wace ce, kuma ina take kwana? In ta gagare ka, ka ba ni gari.

Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Goggo Hanne, matar Malam Audu Direba. Kada ka yi kamar ba ka gane ni ba. Kakarka aminiyata ce, a cinyata aka riƙe ka ranar da wanzami ya cire maka belu, tun ran nan nake ce maka maigidana. Rubutun nan nawa ne, na ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace, maganar dai a miƙe take.

Na ɗaya. Da Malam ya ajiye tuƙin motar hukumar En'e ya koma cin fansho, sai ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjo. Ba da ƙafarta ta zo gida ba, shanun noma ne suka jawo ta, kaji na tsalle daga ciki. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, shekaru ban san fuskarsa ba sai tafin ƙafa. Ya je Kano neman kafireto. Ya zaunar da maƙerin Gagarawa ya ƙera masa sifirin, ya ɗaga ta sama don kada cikinta ya riƙa jan rairayi. Tamfol ɗin bayanta ni na ɗinke shi. Kwanon shan furata ma ya ƙwace, ya mayar da shi na wanke notoci da kananzir, har yau ban yafe wannan ba. Ba haya yake yi da ita ba, ba fatauci ba. Ran Juma'a in an sauko masallaci ya loda jikoki, su bi ta daji har Sule Tankarkar su juyo, shi ke nan. Ya raɗa mata suna Jimina, don a rairayi gudunta ya fi.

Na biyu. Bayan Babbar Sallah ka zo ƙofar gidanmu da biro a aljihu. Ka ce tunda ƙasa ta koma tuƙi ta hannun dama, motar da sitiyarinta ke dama sai an kai ta gareji an duba. Ranka ya daɗe, a hanyar da raƙumi ke bi, wane hannu ne dama? Amma Malam mutumin doka ne. Ya wanke ta, ya tuƙa ta da kansa ya kai maka, ya dawo gida a ƙasa. Da aka kwana biyu sai ka aiko cewa wai inji ya buga, an daddatsa ta an sayar wa masu tsohon ƙarfe. Ko noti ɗaya ba ka aiko a nuna masa ba.

Na uku, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun daga ranar Malam ya kwanta mini. Yana shimfiɗa tabarma kusa da inda baƙin mai ya ɗiɗɗiga, ya goge sifana da sauran kayan gyara, ya jera, ya sake gogewa. Tuwo loma biyu ya ture. Ƙafafunsa sun fara kumburi. Mutumin da ba ma wuni ba mu yi cacar baki ba, yanzu in tsokane shi sai ya ce to. Wannan to ɗin ce ke ba ni tsoro.

Na huɗu. Ka yi wayo, amma ka manta a inda aka haife ka. A nan makiyayi yana duban ƙasa ya ce akuyar wane ce ta wuce. Tayoyin Jimina huɗu, ba biyun da zanensu ya zo ɗaya, don tsintar su Malam ya yi wuri daban-daban. Ta baya ta hagu tana da faci da aka ɗaure da ƙusa, tana buga wa ƙasa tambari kamar kofaton jaki. Mai kawo mini nono ce ta fara ce mini, Goggo, ashe Malam ya samu sauƙi, na ga sawun motarsa. Masu itace suka faɗa. Na hau jaki da tsufana, na bi sawun nan har inda ya shiga. Fenti ka saya, maigidana, rowa ta hana ka sayen taya.

To, ni ba ni da ofis, ba ni da ɗan sanda. Bakina gare ni da jikoki cike da tsakar gida. Na riga na shirya musu tatsuniyar kura mai biro a aljihu, wadda ta ce wa tsoho jiminarsa ba ta da lafiya. Har waƙa gare ta, 'yan mata sun fara tafa ta a dandali. Sunan kurar kaɗai ban faɗa ba tukuna. Ba sunan da za a yi ko biki daga nan har Maigatari da ba a gayyatata, kai ma ka sani. Auren wasan da ke tsakaninmu kuwa na kashe shi, ka nemi wata kakar.

Ga abin da nake nema. Ka dawo da ita kafin Juma'a mai zuwa, kai da kanka a kan sitiyari, da rana tsaka, ta cikin kasuwa, kana danna ham. Ka mayar mata da koren fentinta na da. Ka cire takalmi ka durƙusa gaban Malam ka ce ƙarya ka yi. In kuwa ka bari ta Allah ta kasance a kansa yana zaton motarsa ta zama tukwane, kada ƙafarka ta tako zaman makoki, don a gaban liman zan faɗi sunan kurar.

Allah ya shirye ka. Allah ya ja kwananka, ya bar maka jinka garau, har ka ji waƙar nan a bakin jikokinka. Allah ya tashi kafaɗun Malam.

Wassalam. Ni ce,
Goggo Hanne, Gumel.

Mai karatu, na karɓi garin. Jimina ce. Tana kwana a gidan gonar Alhaji Ɗanlami da ke hanyar Maigatari, an shafa mata shuɗin fenti an lulluɓe ta da karan dawa. Duk daren Alhamis tana tsallaka iyakar ƙasa ta bayan gari da buhunan gero, a shekarar nan da mata ke tonon gidan tururuwa saboda yunwa.